Gidan da Aka Rushe Sau Biyu

Kaf layin nan na bayan kasuwar kifi a Haɗejiya, babu wanda bai leƙa gidan da Najwa ta gina ba sai mutum ɗaya, ubanta, Muttaka magini.

Gidan kuwa ba a ƙasa yake ba, a cikin waya yake. Wata tsohuwar waya ce mai tsagaggen gilashi, wadda kawunta Safiyanu, ƙanen uwarta, ya bar mata da ya zo Sallah daga Kano. A ciki akwai wani wasan yaran yanzu. Fili ake ba yaro fetal, ga ƙasa, ga dutse, ga itace, ga ruwa, komai an yanka shi kamar sabulun wanki. Har tumakin ciki kawunansu kamar akwati. Ba mai ce maka gina kaza. Ka ɗora, in bai yi maka ba ka rushe ka sake.

Sauran yara benaye suke kafawa har su taɓo gajimare. Ita Najwa gidan ƙasa ta zaɓa, gidansu na ƙauye can wajen Guri, wanda ambaliya ta narkar tun tana 'yar mitsitsiya. Ita ba ta tuna shi. Kakarta Inna Yelwa ce take tunawa.

Tun da aka dawo birni Inna Yelwa take zaune kamar kayan da aka sauke ba a kwance ba. Ta ajiye buta ta manta, ta yi azahar sau biyu, ta kira kaza da sunan akuya. Amma da la'asar ta yi, Najwa ta dawo daga makaranta ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, sai kan tsohuwa ya dawo garau.

"Ƙawata, matsar da rumbun nan gabas. Nan ai wurin awaki ne."

"Inna, jiya kin ce yamma."

"Jiya ƙarya na yi miki, in ga ko kina da kai."

"To yau gaskiya ce?"

"Ɗora ki gani mana. In awakin suka yi ƙorafi sai mu tashe su."

Haka aka yi rijiya, aka yi turke, aka yi madafa, aka yi 'yar hanyar da take gangarawa fadama. Zaure ne kawai ya gagara. Zauren gidan irin mai rufin baka ne, bakuna huɗu sun lanƙwaso sun haɗu a tsakiya, tubalan waya kuwa ba su san lanƙwasa ba. Najwa ta ɗora, Inna ta ƙura ido, ta girgiza kai.

"Rushe. Wanda ya yi shi hannunsa ya fi haka laushi."

"Wa ya yi shi?"

Inna ta nuna ɗakin Muttaka da haɓa. "Wancan."

Wancan. Sunansa ke nan a bakinta tun ranar da ta haife shi. Su asalinsu masu shanu ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, kunyar ɗan fari ce ba ta ƙare ba. Muttaka ɗan farin Inna ne, don haka ba ta kama sunansa, ba ta yaba masa, in ya kawo mata abu sai ta kalli gefe ta ce "To." Najwa kuma 'yar farin Muttaka ce, shi da matarsa Rahmatu ba mai kama nata sunan, "ke" ce, ko "yarinyar nan". Jika kuwa babu kunya tsakaninta da kaka. Saboda haka duk yabon da Inna ta tara a ciki tun tana budurwar uwa, a kan Najwa take juye shi, da ƙarfi, katanga ɗaya tsakaninsu da inda Muttaka yake cin tuwo.

"Allah ya yi wa hannun nan albarka. Kai, ƙawata, ke ce magina."

Sai ka ji cokali ya tsaya a ɗaki.

Shi Muttaka duniya ta riga ta juya masa baya. Tun da ruwa ya koya wa mutane tsoron ginin ƙasa, kowa bulo yake so, shi kuma da furfurarsa yake miƙa wa yara sa'annin ƙannensa siminti. Wata rana a majalisar ƙofar masallaci Alhaji Shu'ibu mai kifi ya ce, "Malam Muttaka, an ce ginin 'yarka ruwa ba ya ci. Ko ita za mu ba aikin shagon nan?" Aka yi dariya. Shi ma ya yi, irin wadda haƙora kawai suke yi.

Da ya shigo gida ya tsaya a kan tabarmarsu, idonsa a kan darbejiya.

"Ke. Wannan wasan, wa ya ci?"

"Baba, ba a ci."

"Yaushe ake gamawa?"

"Ba a gamawa."

"Wasan da ba a ci, ba a gamawa. Wannan ai ba wasa ba ne, zaman banza ne aka sa masa batir." Ya juya wajen Rahmatu da take tankaɗe. "Kada a ƙara sa min wayar nan a caji a gidana. Ido take kashewa."

Nan aka fara. Rahmatu ta riƙa ɓoye wayar a ƙasan kwanon awara tana kai wa maƙwabciya mai sola. Ita ma Rahmatun ai ta taɓa leƙawa, ranar da ba kowa. Najwa ta bi da ita ta zaure, ta tsakar gida, ta tura wata 'yar ƙofa, sai ga ɗakin aurenta, gado a hannun dama, jere a bango.

"Wa ya gaya miki gadona a nan yake?"

"Inna."

Rahmatu ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Kuskuren Najwa ɗaya ne, ta zaci magini zai so a tambaye shi gini. Ran nan yana ɗaure takalmi zai fita, ta durƙusa a gefensa da wayar a hannu biyu.

"Baba, bakan zauren ne ya ƙi. Inna ta ce kai ka yi na gaskiyar. Ko za ka duba ka nuna min yadda ake..."

Bai kalli wayar ba. Ita ya kalla, kuma rabon da ya kalle ta haka har ta manta.

"Ni za ki jarraba?"

"A'a Baba, nunawa..."

"Kawunki ya ga ban isa in saya miki waya ba, ya saya. Yanzu ke kuma kin ga ban isa gini ba, za ki yi min jarrabawa. Kawo."

Ya jefa ta a akwatin kayan aikinsa, cikin cokulan gini da igiyar awo, ya datse kwaɗo.

Inna ta ɗago daga tabarma. Da kowa ne a duniya da ta wanke shi tas, don bakinta ba ya ciwo. Amma wancan ne. Yadda ba ta yaba masa, haka ba ta tsayawa ta yi sa-in-sa da shi. Sai ta ce wa darbejiya, "Wasu dai ba su da aiki." Darbejiya ba ta amsa ba.

Da yamma Najwa ta sami uwarta a madafa.

"Umma, ki yi masa magana."

"Ubanki ne."

"Saura zauren kawai."

"In na buɗe baki a ce na tsaya wa 'yar fari, ba ni da kunya. Kina so a yi da ni a layi? Yi haƙuri, zai huce."

Bai huce ba. Lokacin shinkafa ta fara nuna, tsuntsun jan-baki ya sauko fadama kamar hayaƙi. Muttaka ya ce gonar ƙanensa Hussaini tana bukatar mai korar tsuntsu, kuma tunda akwai mai hannun da ba ya gajiya a gidan, ga aiki ya samu. Rahmatu ta ce makaranta fa? Ya ce makaranta ba gudu za ta yi ba, tsuntsu kuwa ba ya jira.

Korar tsuntsu, wanda bai yi ba sai ya ce wasa ne. Tun rana ba ta yi zafi ba kana tsaye a ruwa, igiya a hannu, an jera mata gwangwanaye daga wannan gefe zuwa wancan. Ka ja, su yi ƙara, ka yi ihu, tsuntsu ya tashi ya sauka a bayanka. Ka juya ka sake. Kafin sati ya zagayo muryar Najwa ta dishe, tsakanin yatsun ƙafarta ya yi fari ya tsage, igiya ta yanka mata tafin hannu. In ta rufe ido don jiri, zauren take gani, da ramin nan a sama inda bakuna suka ƙi haɗuwa. Tana jan igiya tana lissafin yadda za ta jera tubalan, ɗaya a kan ɗaya, kowanne ya ɗan leƙo gaba kaɗan. Har ta gano dabarar. Wayar ce babu.

Duk wanda ya tambayi Muttaka, da amsar da yake ba shi. Ga malamin makaranta ya ce tarbiyya ce, yaran yanzu ba su san wahala ba. Ga liman ya ce akwai siffofin dabbobi a cikin abin, shi yana tsoron Allah. Ga Safiyanu, da ya bugo daga Kano, ya ce 'ya mace me za ta yi da gini, gidan wani za ta. Ga Alhaji Shu'ibu ya ce ai ita ce ma ta gaji da wasan. Kowa ya gyaɗa kai. Dalili huɗu ga mutum ɗaya, ba wanda ya ce sun yi yawa.

A gida kuwa la'asar ta zama fanko. Inna takan ja tabarma gindin darbejiya ta zauna, ta gyara wa ƙawarta wuri. Najwa ta dawo gab da magariba, jiƙe, ba murya.

"Ƙawata, yau ba za mu gida ba?"

"Gobe, Inna."

Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Inna ta fara tambayar ina aka kai awaki. Ta fara kiran Rahmatu da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haifi Rahmatun.

Kada a ce Muttaka ba ya son uwarsa. Yana sonta, irin son da yake ci wa mutum ciki. Ya bi wuraren aiki yana tsintar ragowar bulo da siminti, ya tayar mata da ɗaki sabo a kusurwar gidan, shi kaɗai, bayan ya taso aiki. Ya ɗaga dandamalinsa yadda ko ruwa ya shigo ba zai kai ba. Ya shafe, ya yi fenti shuɗi, ya sa taga mai raga saboda sauro. Ranar da ya gama ya sa wankakkiyar riga, ya ce wa Rahmatu ta kamo hannun Inna.

Inna ta shiga. Ta shafa bango. Najwa tana bakin ƙofa, ta ga yadda hannun tsohuwar ya daɗe a kan shafen, yana bin sa a hankali. Muttaka bai gani ba, don bakinta yake kallo.

"To," in ji Inna.

Ya jira. Ta juya ta nemi Najwa da ido.

"Ƙawata, karɓo wayar nan. Na gaji da baƙunta, gida nake so in koma."

Muttaka ya buɗe akwati, ya ɗauki wayar, ya fita.

Misbahu mai gyaran waya na bakin tasha shi ya ba da labarin sauran da bakinsa. Ya ce da ya kunna ya ga abin, sai da ya ajiye sukundireba.

"Baba Muttaka, ka kuwa ga wannan? Aikin watanni ne fa. Dubi zauren nan."

"Ban zo kallo ba. Wanke ta."

"In na goge ba ya dawowa. Ko a Kano ba mai dawo da shi."

"Na tambaye ka?"

Misbahu ya ce har ya juyo masa da gilashin, mutumin ya kau da kai yana kallon masu lodin kifi, bai waiwayo ba sai da aka ce an gama.

Ya dawo ya ajiye wayar a gaban Najwa, a kan tabarma, a gaban Inna.

"Ga abarki. An wanke ta. A sa karatu a ciki."

Najwa ta kunna. Ta shafa nan, ta shafa can. Ta kashe ta sake kunnawa. Ba ta yi kuka ba, muryar kukan ma tana fadama. Inna ta leƙo.

"Mun iso?"

"Ba hanya, Inna."

"Ruwa ne?"

Najwa ta kalli ƙafafun ubanta. "E, Inna. Ruwa ne."

Daga ranar kan Inna ya kwance gaba ɗaya. Sabon ɗakin ma ƙin kwana ta yi a ciki, ta ce na mutane ne, kada masu shi su dawo su same ta. Rahmatu ta riƙa sa sakata a ƙofar gida. Muttaka ya ce tsufa ne, kowa zai je.

Wata la'asar Najwa tana tahowa daga gona, gwangwanaye a kafaɗa, sai ta hango taro a bakin kogi inda masu kwalekwale suke ɗaure jiragensu. Inna ce a tsakiya, ba takalmi, zaninta ya jiƙe har gwiwa, ta ƙulle butarta da carbi a ɗankwali, tana roƙon wani masunci ya tsallaka da ita. Najwa ta kutsa ta kama hannunta. Can sai ga Muttaka a bayan mashin, siminti har gira.

"Inna, taso mu tafi."

Ta dube shi sama da ƙasa, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Bawan Allah, kai wane ne?"

"Ni ne, Inna."

"Ni wa?" Ta kamo hannunsa ta juya tafin. "Hannun magina gare ka. To ka san Muttaka?"

Mutumin nan ya haura hamsin. Ran nan ya fara jin sunansa a bakin uwarsa, a gaban masunta da masu wankin mashin.

"Ɗana ne," in ji ta. "Na fari. Ba ka san shi ba? To ba ka san gini ba. Shi ya yi min zaure, ko gemu bai yi ba lokacin. Baka huɗu, suka haɗu a sama kamar yatsun hannu. Tun daga Kafin Hausa mutane suke zuwa kallo. Ni ba na fita, kada a ce ina taƙama da ɗan fari. Ta jikin zana nake leƙe, in koma ɗaki in yi ta dariya ni kaɗai." Ta jawo Najwa. "Wannan ƙawata ce. Na sa ta ta tayar min da shi, ɗaki ɗaki, don in riƙa shiga ina ganin aikinsa. Ta yi ƙoƙari, 'yar albarka. Amma hannunta bai kai nasa ba. Saura kaɗan dai."



"Sau biyu aka rushe min gidan nan," in ji Inna. "Na farko ruwa ne. Na yafe masa, ba shi da ido. Na biyun mutum ne, ƙawata tana ɓoye min, amma na sani." Ta matse masa hannu. "In ka ga Muttaka ka gaya masa. Shi zai bi min hakkina."

A kafaɗa ya ɗauko ta har gida. Tana ta yi masa godiya, tana cewa Allah ya ba shi ɗa kamar nata.

Washegari da safe ya koma wajen Misbahu, aka mayar da wasan. Ya dawo ya sami Najwa tana naɗe igiyar gwangwanaye.

"Najwa."

Ta waiga bayanta tukuna, ta ga ko da wata ake. Ya miƙa mata wayar. Ta karɓa da hannu biyu, ta je ta zauna kusa da Inna, ta kunna. Fili ne kore shar, ba rijiya, ba rumbu, wata tunkiya mai kan akwati tana yawo ita kaɗai.

"Inna, ta ina ƙofa take?"

Inna ta leƙa. Ta daɗe.

"Wannan gonar wa ce?"

"Gabas take kallo," in ji Muttaka da sauri. Ya tsuguna. "Ƙofar gabas take kallo. Ni na sani. Rijiya tana hagu. Bakan kuma, ai ba wuya, azara ake jerawa, kowace ta ɗan leƙo gaban 'yar'uwarta..."

"Na gano, Baba," in ji ta da disasshiyar muryarta. "Tun a gona."

Ta durƙusa yadda aka koya mata, ta ajiye wayar a gabansa a kan tabarma, ta saɓa gwangwanayenta.

"Rana ta yi. Tsuntsu zai sauka."

Ta fita. Rahmatu tana bakin madafa, ta buɗe baki kamar za ta kira ta, sai ta tuna ba ta kama sunan.

To, ba a doki yarinyar nan ba. Ba a hana ta tuwo ba. Ko mai unguwa ka kai ƙara, zai ce nuna min tabon, kuma babu. Abu ɗaya ne tak a gidan nan da yake nata, ita ta yi shi da hannunta, har tsohuwa ta samu wurin fakewa a ciki, uban da ya haife ta ya kasa jure jin ana yaba abin. Da ya sunkuya sau ɗaya ya kalla, da kansa zai gani a ciki. Har yau a majalisar ƙofar masallaci, in ana zancen yaran da waya ta lalata, da Muttaka ake misali, a ce ga uban da ya iya tarbiyya. Shi kuma ya sunkuyar da kai, su ce kunya ce.

Najwa ta koma makaranta bayan an yanke shinkafa. Ba ta ƙara taɓa wasan ba. In yara sun kira ta ta ga benensu, sai ta ce tana da wanke-wanke.

Wayar tana wajen Muttaka. Da la'asar za ka gan shi a gindin darbejiya, kusa da tsohuwar da take ce masa bawan Allah, ya ƙura wa koren filin ido yana so ya tayar da zaure. Sai dai yatsun magini sun yi wa gilashin kauri. Duk inda ya taɓa don ya ɗora tubali, rami yake haƙawa.